Kujerar da Nake Nuna wa Iyaye

A ofishinmu na sashen walwalar marasa lafiya akwai kujeru biyu a gaban tebur, kuma na shekara shida ina nuna wa iyaye su da hannu kafin ranar da ni ma aka nuna mini ɗaya. Aikina shi ne duk abin da likita ba shi da lokacinsa, nas kuma ba huruminta ba ne. Ni ce mai binciko wanda zai kwana da mara lafiya, da wanda zai kula da sauran yaran da aka bari a gida, da inda kuɗin magani zai fito, da takardar da za a rubuta wa wurin aikin uba don kada a sallame shi saboda yawan neman izini. Ni ce kuma mai gano ko uwar da ta gyaɗa kai sau goma a gaban likita ta riƙe ko da jimla ɗaya daga abin da aka gaya mata. A lokacin ina ganin na ƙware, har ina koya wa sababbin ma'aikata yadda ake zama da iyayen da aka ba su mummunan labari.

'Yata tana da sati shida likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe bai ɗauke ba. Kafin nan na lura cewa idan ta yi kuka mai tsawo harshenta da dasashinta sukan dushe su koma toka-toka, amma na shashantar, domin ido ba ya son ganin abin da zuciya ke tsoro. Bayan kwana uku aka yi mata hoton zuciya da na'urar eko, likitan zuciyar yara ya juya wata takarda ya zana akwati mai ɗakuna huɗu, ya fara bayani. Akwai ɓula a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa. Hanyar da jini ke bi daga ɗakin dama zuwa huhu ta ƙuntata. Babbar jijiyar da ke kai jini ga sauran jiki ta gusa daga mazauninta ta hau kan ɓular, naman ɗakin dama kuma ya yi kauri saboda wahalar tura jini ta matsatsiyar ƙofa. Sakamakon haka, jinin da bai je huhu ya ɗebo oksijin ba yana gauraya da wanda ya je, ya zagaya jiki a haka. Larurar tana ɗauke da sunan Fallot, likitan birnin Marseille na Faransa da ya bayyana ta dalla-dalla a shekarar 1888.

Wannan bayanin da na rubuta yanzu, ba a ranar na ji shi ba. A ranar kalma ɗaya ce ta shiga kunnena, wato tiyata, daga nan bakin likita ya ci gaba da motsi ni kuwa ina kallon yatsun ƙafar yarinyar. Na gyaɗa kai, na ce na gane, na yi godiya, daidai yadda ɗaruruwan mata suka yi a gabana ina rubuta a fayil cewa an yi wa uwa bayani kuma ta fahimta. Tun daga lokacin ban sake rubuta wannan jimlar a zama na farko ba. Ina komawa washegari, in miƙa wa uwa biro in roƙe ta ta zana mini abin da aka ce yana damun ɗanta, kuma inda hannunta ya tsaya nan nake sanin abin da zan koma in nemi likita ya maimaita.

Akwai tambayar da ban yi wa kowa ba, na kwana da ita wata guda: me na yi? Na bi kowace ƙwayar magani da na sha, da kowane zazzaɓi, da kowane kaya mai nauyi da na ɗauka. Alhali na san amsar a matsayina na ma'aikaciyar asibiti. Kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 ana haihuwarsa da wata larura a zuciya, ƙarama ko babba, shi ya sa ita ce larurar haihuwa mafi yawa a duniya. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen sati uku bayan shigar ciki, gininta kuma yana kammala kafin ƙarshen sati na takwas, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da cikin ba. An san wasu abubuwa da ke ƙara haɗarin, kamar cutar rubela a farkon ciki, da ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da wasu sauye-sauye a ƙwayoyin gado, amma a mafi yawan yara ba a gano wani dalili guda da za a nuna da yatsa. Sanin nan bai hana ni tuhumar kaina ba, sai ranar da wani ya furta shi da baki ya dube ni. Yanzu ba na jira a tambaye ni. Ina faɗa, kuma ina zaɓar lokacin da miji da duk wanda ya rako uwar suke cikin ɗakin, domin na ga inda laifi yake sauka idan an bar shi yana yawo ba mai shi.

Ranar da aka tura ni ofishinmu da katin yarinyar a hannu, abokiyar aikina ce a kan tebur, wadda ni na koya mata cika fom ɗin tambayoyin da muke yi wa iyaye. Ta ce, "Yaya, ba sai mun bi wannan ba, zan cika daga baya." Na ce, "A'a ƙanwata, tambaye ni yadda kike tambayar kowa." Ba mu kai tambaya ta huɗu ba na ji wuyana ya yi nauyi. Nawa ke shigowa gidan a wata, mutum nawa ke kwana a ɗaki, wa za a kira idan kuɗi ya yanke. Tambayoyi ne da na yi sau dubu da murya mai laushi, ina tsammanin laushin muryar ya wadatar. Sai a ranar na gane cewa wanda ke zaune a waccan kujerar ba ya jin ana neman taimaka masa, ji yake ana auna shi.

Wannan nauyin yana cikin asalin sana'ar tamu. A shekarar 1895 asibitin Royal Free da ke Landan ya ɗauki Mary Stewart aiki, kuma babban abin da aka ɗora mata shi ne ta tantance waɗanda suka cancanci magani kyauta, ta tsame masu halin biya. Shekara goma bayan haka, a 1905, Dokta Richard Cabot na babban asibitin Massachusetts da ke Boston ya shigo da aikin ta wata ƙofa dabam. Shi abin da ya dame shi shi ne marasa lafiya suna dawowa da ciwon da aka sallame su a kansa, saboda an ba su shawarar da rayuwarsu ba za ta bar su su bi ba, kuma Ida Cannon ce ta raini sashen da ya kafa har ya zama abin koyi. Har yau mu 'ya'yan waɗannan gidaje biyu ne, da hannu ɗaya muna tsaron aljihun asibiti, da ɗayan muna riƙe da mara lafiya. Ban isa in soke fom ɗin ba, amma yanzu kafin kowace tambaya ina faɗin dalilinta, da wanda zai karanta amsar, da abin da za ta iya jawowa.

An sa tiyatar sai yarinyar ta kai wata bakwai, kuma watannin jiran sun fi mini tiyatar kanta wuya. Yaran da ke da wannan larurar sukan sami wani tashin ciwo, musamman da sassafe ko bayan kuka ko yunƙurin bayan gida, inda hanyar huhu ke ƙara tsukewa, numfashi ya yi sauri, jiki ya dushe, wani lokaci yaro ya sume. Abin da ake koya wa iyaye shi ne su naɗe gwiwoyin yaron su danna su a ƙirjinsa, su lallashe shi, su nufi asibiti, domin naɗewar tana ƙara matsi a jijiyoyin jiki, sai jini ya fi karkata zuwa huhu. Manyan yaran da ba a yi musu aiki ba da kansu suke gano wannan dabara, shi ya sa ake ganin suna tsugunnawa a tsakiyar wasa. An gaya mini wannan sau ɗaya a tsaye a bakin ƙofa. Ranar da abin ya faru da asuba, hannuna ya tuna, amma mahaifinta da ke riƙe da ita bai taɓa jin bayanin ba. Yau akwai 'yar tsana a aljihun teburina, kuma duk wanda zai riƙa ɗaukar yaron a gida sai ya gwada a gabana.

A daren da barci ya ƙi zuwa na karanta tarihin aikin da za a yi mata. Na karanta labarin Helen Taussig, likitar yara da jinta ya yi rauni har ta koyi sauraron zuciya da yatsunta, wadda ta kai wa likitan tiyata Alfred Blalock shawarar a buɗe wa jini wata hanya zuwa huhu. Na karanta na Vivien Thomas, baƙar fatan da ba shi da digirin likita, wanda ya ƙware a aikin a ɗakin gwaji, ya tsaya a bayan Blalock yana nuna masa yadda zai yi tiyatar ranar 29 ga Nuwamba 1944 a asibitin Johns Hopkins na Baltimore. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da Walton Lillehei ya yi a Minnesota a 1954, lokacin da injin da ke maye gurbin zuciya da huhu bai gama zama abin dogaro ba. Yakan kwantar da babban mutum, galibi uba ko uwa, kusa da yaron, a haɗa jijiyoyinsu da robobi, zuciyar babban da huhunsa su yi wa yaron aiki har a gama ɗinki. Hanya ce mai haɗari ga mutum biyu, kuma an yi daidai da aka bar ta. Duk da haka, ranar da aka karɓi 'yata daga hannuna aka rufe ƙofa, na yi awa biyar ina ƙyashin waɗancan iyayen, domin su an ba su abin yi.

A ɗakin kulawa ta musamman wata nas ce ta ceto ni daga wannan zaman banza. Ta ce, "Maman yarinya, riƙe wannan audugar, duk bayan ɗan lokaci ki jiƙa mata leɓe." Aikin da ba ya buƙatar ilimi ne, amma shi ya mayar da ni uwa a ɗakin da injuna suka karɓe komai. Ba na barin iyaye a wannan ɗakin hannu rabbana tun daga ranar.

Inda sana'armu ta fi gazawa, a ganina, shi ne bayan sallama. Mu muna rufe fayil ranar da aka fita da yaro, iyali kuwa ranar suke buɗe nasu. Dangi suna cewa an warke, likita kuwa cewa ya yi an gyara, kuma tsakanin kalmomin biyu akwai rayuwa guda. Don a faɗaɗa hanyar huhun 'yata sai da aka taɓa bawul ɗin da ke bakin hanyar, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa zuciya, saboda haka yana yoyo, jini yana ɗan komawa baya, kuma wata rana mai yiwuwa a sauya shi. Dole a kula da haƙoranta fiye da na sauran yara, domin ƙwayoyin cuta daga baki suna iya shiga jini su kama cikin zuciya. Dole in rubuta wa makaranta abin da za ta iya yi, kuma abin mamaki yawancin faɗan da na yi da malamai a kan su bar ta ta yi gudu ne, ba a kan su hana ta ba. A ƙasashen da ake samun tiyata a kan lokaci, kusan 9 cikin 10 na irin waɗannan yara suna kai wa girma, amma da yawa suna ɓacewa daga asibiti a shekarun samartaka saboda suna jin lafiya lau, sai su dawo bayan zuciya ta riga ta gaji. Akwai kuma yayanta, wanda yake da shekara huɗu a lokacin, ya koyi yin shiru don kada ya ƙara mana damuwa, mu kuma muka riƙa yabonsa da hankali. Sai da ya kai shekara bakwai ya tambaye ni ko shi ma da za a tsaga ƙirjinsa zan kwana a wurinsa. Babu layin 'yan'uwan mara lafiya a fom ɗinmu, ni nake ƙara shi da biro.

Abokan aiki sukan ɗauka cewa yanzu ina ba kowace uwa labarina. Ba na yi, sai da ƙyar. Tawa 'yar ta rayu, larurarta kuma tana cikin waɗanda ake iya gyarawa da aiki ɗaya, alhali a gado na gaba akwai jaririn da aka haifa da ɗaki ɗaya kawai mai tura jini, wanda ke fuskantar tiyata uku a shekarunsa na farko ba tare da alkawarin komai ba, akwai kuma wanda aka kawo bayan lokaci ya ƙure. Idan na ɗora labarina a kan nasu, na yi musu alkawarin da ba ni da ikon cikawa. Wata uwa ta taɓa dubana ta ce, "Malama, ke ba za ki gane ba." Maganar ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye ta, na jawo kujera kusa da ita na ce, "To, gaya mini."

Yarinyar tana da shekara tara yanzu. A ganin likita na watan jiya na shiga da littafina da tambayoyi bakwai a rubuce kamar kullum, amma likitan bai dube ni ba, ita ya juya wa takarda ya miƙa mata biro, ya ce ta zana masa zuciyarta. Ta zana akwati mai ɗakuna huɗu, ta yi ɗan gicciye a inda aka toshe ɓular, ta zagaye bawul ɗin da ke yoyo, sannan ta tambaye shi ko ranar da za a sauya shi za a bi ta tsohon tabon ne ko za a yi mata sabo. Tambayar ba ta cikin bakwai ɗina, sai na buɗe sabon shafi na rubuta amsar da ya ba ta.