Jitar bes mai wuya biyu: kada ka biya sai ka gwada rodi biyun

Jitar bes mai wuya biyu kayan kiɗa biyu ne a jiki ɗaya. Kowane wuya da rodinsa a ciki, wato sandar ƙarfen da ake ɗaurewa ta riƙe wuyan a miƙe, da tsirkiyoyinsa, da irin nasa ciwon. Wadda na saya ƙirar hannu ce ta ƙarshen shekarun 1970, ba sunan kowane kamfani a kanta. Wuyan ƙasa mai firet ne, wato 'yan karafan da ke gicciye a kan allon da yatsu ke dannawa, na sama sumul yake ba firet, kowanne tsirkiya huɗu, tsawon inci 34 daga kai zuwa jaki, wato abin da tsirkiyoyin ke hawa a jikin jitar. Da a ce Gibson EBS-1250 ce ta shekarun 1960, ko Rickenbacker 4080, ko irin Shergold ɗin da Mike Rutherford ya riƙa kaɗawa a ƙungiyar mawaƙa ta Genesis, da akwai takardun kamfani da za a duba awonta. Ƙirar hannu ba ta da wannan gatan. Abin da idonka da ma'auninka suka gaya maka shi ke nan.

Gane shekarunta bai yi wuya ba. Na buɗe murfin baya na karanta lambar da ke jikin fot, wato abin da ake murɗawa a ƙara sauti ko a rage. Idan lambar ta fara da 137, na kamfanin CTS ne, idan 304 ce, na kamfanin Stackpole ne, sai shekara da mako su biyo baya. Misali 1377612 na nufin mako na 12 a 1976. Wannan shekarar fot ce kawai, jitar na iya zuwa bayanta, amma in dalmar da ke kan wayoyin tsohuwa ce ba a taɓa ta ba, ka samu shaida mai ƙarfi.

Matsalar tana wuyan sama. Mai sayarwa ya ajiye jitar da tsirkiyoyin wuyan a sake, ya ce don kada itacen ya gaji ne. A hoto wuyan miƙe yake sak, a hannu ma haka. To ai dole ya miƙe, tunda ba abin da ke jansa. Tsirkiya huɗu masu kaurin .045 zuwa .105 idan aka ɗaure su daidai suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, kuma aikin rodi shi ne ya tare wannan jan. Da aka ɗaure su, na sa kafo, wato mamatsin da ke danne tsirkiya, a firet na farko na wuyan ƙasa, na danne na ƙarshe, na zura fila, siririn ƙarfen auna rata, tsakanin tsirkiya da firet na 8: milimita 0.3, daidai yadda ake so. Na koma wuyan sama, ratar ta haura milimita ɗaya. Tsirkiyar ta yi nisa da allon yatsu har ba ta kaɗuwa daga tsakiyar wuya zuwa sama. Na sa alanki in ƙara rodin, alankin ya yi ta juyawa a banza.

Abu biyu ne suka haɗu. Bakin notin da ake ɗaure rodin da shi ya cinye, don wani ya taɓa murɗa shi da alanki mai milimita 3 alhali ramin na inci 1/8 ne, wato milimita 3.18. Bambancin kamar ba komai, amma ya isa ya goge kusurwoyin ramin ya mai da shi zagayayye. Na biyu, notin ya riga ya kai ƙarshen tiredi. Shekara da shekaru ana ƙara shi, itacen da yake dannewa ya lotsa, har ba sauran wurin da zai shiga. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai, domin gwajin da zai tona shi bai fi 'yan mintoci ba: a ɗaure tsirkiyoyin wuya biyun, a auna, a sassauta kowane noti kaɗan a mayar, a ga yana tafiya gaba da baya. Duk mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan, ka bar masa kayarsa.

Ga yadda mai gyara ya yi. Ya cire tsirkiyoyin, ya fitar da tsohon notin da alanki mai tsinin baki wanda ke kama ramin da ya cinye. Ya goge tiredin, ya ɗiga masa mai ɗigo ɗaya, ya zura washa biyu ƙanana don su cike gurbin da itacen ya lotsa, sannan ya sa sabon noti. Bai bar rodin ya miƙar da wuyan da ƙarfinsa ba. Ya ɗora katako miƙaƙƙe a kan allon yatsu da ƙananan katakai a bakin nan da bakin can, ya matse tsakiya har wuyan ya ɗan lanƙwasa baya, sannan ya ɗaure notin ya riƙe shi a haka. Tsohon rodi in ka tilasta masa ya ja itacen da ya daɗe a karkace, tsinkewa yake yi, daga nan kuma sai ɓamɓare allon yatsu gaba ɗaya. A jita mai wuya biyu ko wurin sa mamatsin ma wahala ne, ɗaya wuyan yana tare hanya, kuma tawa da gam aka haɗa wuyoyin da jiki, ba a kwance su. Kuɗin aikin ya ci wani babban kaso na abin da na biya a jitar, amma rodin bai karye ba, alhamdu lillahi. Wanda ya samu Rickenbacker ta kafin tsakiyar shekarun 1980 ya ƙara kula: rodinta ba a murɗa shi don ya motsa wuya, da hannu ake kai wuyan inda ake so sannan a ɗaure, in ba haka ba allon yatsu ya ɗaga.

Tun daga nan ba na murɗa kowane rodi fiye da kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, sai in bar shi ya kwana in sake aunawa. Wuyan da ba firet ya fi son ƙarancin lanƙwasa, kusan milimita 0.2, da tsirkiya ƙasa-ƙasa, a nan ne yake ba da wannan gurnanin da ake nemansa dominsa. Tsirkiya masu santsin naɗi na sa masa, don masu kaushin naɗi suna yi wa allon yatsu layi-layi, sai an kankare. Kada ka bar wuya ɗaya a sake don ba ka cika kaɗa shi ba. Rodin yana nan yana ja shi kaɗai, wuyan zai lanƙwasa baya. Wajen canji ma tsirkiya ɗaya-ɗaya nake yi, in gama wuya guda kafin in taɓa ɗayan.

Laima ita ce ke motsa itace. Tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari ake so, don haka ƙaramin ma'aunin laima yana zaune a cikin akwatin. In iska ta bushe itacen na tsukewa, bakin firet ya fito yana kartar hannu. Wuyoyin biyu kuma ba sa motsi tare, kowanne da halinsa, shi ya sa duk canjin yanayi nake auna su daban-daban, na sama tukuna. Idan daga nesa aka aiko maka da ita, ka bar akwatin a rufe kwana guda kafin ka buɗe, saboda tsohon fentin jita irin wanda ake kira naitiro yana tsattsagewa in ya fita daga sanyi zuwa ɗumi farat ɗaya. Shi wannan fenti ba ya jituwa da roba da leda. Abin jingina jita mai roba zai narkar da shi ya bar tabo, sai ka naɗe wurin da ƙyallen auduga.

Wani abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne wuyan da ba ka kaɗawa ba ya yin shiru. Jiki ɗaya suke, tsirkiyoyinsa na amsawa, ko an kashe shi a makunni ɗaya wuyan na ɗauko amon. Guntun soso a ƙarƙashin tsirkiyoyin kusa da jaki ya kashe wannan. Makunnin zaɓen wuya kuwa shi ne ya fi shan wahala a cikin kayan wutar. In ya fara ƙaraf-ƙaraf, a fesa masa ruwan goge kayan lantarki a kaɗa shi sau da yawa, kada a yi saurin canza shi, ka adana na asali ko da ka canza.

Nauyinta ya haura kilo 6, ta kullum kuwa kusan 4 ce, kuma kawuna biyu na rinjayar ta ƙasa. Maratayin fata mai faɗin santimita 10 da makullan maratayi dole ne. Ka duba ramukan kusoshin maratayin, a tsohuwar jita sukan buɗe, sai a cusa tsinken katako da gam a mayar. In allon yatsun na icen roswud ɗin Brazil ne, yana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1992, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda, ka tambaya kafin a aiko. Akwati kuma kada ka karɓe ta ba shi. Ba ta shiga na kowace jita, sai an auna an ƙera, kuma dole matashin da ke ciki ya tallafi wuyoyin biyu a tsayi ɗaya, in ba haka ba nauyin duka a kan guda zai sauka.