Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Aikin Tantance Bola

A makon jiya na tsaya da labarina a inda aka ɗauke ni aiki a wurin da ake tara kayan bola ana tantancewa. Robobi aka fara haɗa ni da su. Dattijon da ya koya mini aikin, wanda kowa ke kira Baba, ba mai yawan magana ba ne. Ya ɗauki gorar ruwa ya kifa ta, ya ce, "Ɗana, duba gindinta." Sai ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya.

Lamba 1 ita ce PET, ta gorunan ruwa da lemo. Lamba 2 ita ce mai kauri, irin ta jarka. Lamba 3, wato PVC, irin ta bututun ruwa, ita Baba ya fi tsana, domin ko kaɗan ta shiga cikin PET lokacin narkarwa sai ta lalata kayan. Tun 1988 aka fito da waɗannan lambobin a Amurka, amma har yau mutane da yawa na ɗauka alamar tana nufin za a sake sarrafa robar. Nau'inta kawai take faɗa.

Da hannuna ya saba, sai na fahimci kowane kaya da irin ƙarshensa. Gwangwanin alminiyum ba ya kwana a wurinmu, masu saye na jiransa, saboda narkar da tsoho yana rage kusan kashi 95 cikin ɗari na makamashin da ake ƙonawa wajen samar da sabo daga ma'adini. Kwalba ana narkar da ita a maimaita ba ta rage inganci. Takarda kuwa zarenta yana gajarta duk zagaye, kuma idan maiƙo ya taɓa kwali, shi ke nan.

Leda ce ta gagare mu. Ba ta da nauyi, kullum cikin datti take zuwa, ga naɗe injin. Mukan tara ta himili guda a rasa mai ɗauka. Shi ya sa ban ga laifin Ruwanda da ta hana ta a 2008 ba, ko Kenya da ta bi sahu a 2017. Daga baya na karanta rahoton 2022 na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, wanda ya nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Ban yi mamaki ba, don da idona na ga inda saura ke zuwa.

Akwai wani lungu da Baba ya keɓe, ba ya bari abin da ke cikinsa ya kai bakin injin. Jarkar da ba ta huje ba, kwalba mai murfi, kujerar da ƙafa ɗaya ta karye, fankar da waya kawai ta tsinke. Yakan ce, "Abin da zai moru, kar ka kai shi wuta." A wanke, a gyara, a mayar hannun mutane. A ganina wannan lungun ya fi sauran wurin duka amfani, domin abin da aka sake amfani da shi ba ya cin lantarki ko man jigilar zuwa masana'anta, kuma ya hana a ƙera wani.

Saɓanina na farko da abokan aiki a kan ƙona waya ne don ciro tagulla, wanda hayaƙinsa guba ne ga huhu. Shi zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.