Godiya bayan dawowata daga gasar damben mata

Assalamu alaikum. Na dawo Kaduna lafiya da lambar azurfa a ajin masu nauyin kilo 57, kuma tun da na sauka a tasha wayata ba ta huta ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta godiyata a wuri guda, tunda ba zan iya bin kowa gida-gida ba.

Bayan godiya ga Allah, Baba ne a kan gaba. Shekara huɗu da suka wuce, da na ce ina son koyon damben zamani, cewa ya yi shi damben da ya sani na mahauta ne, wanda ake yi bayan kaka da hannu ɗaya naɗe da zare, kuma bai taɓa jin 'ya mace ta shiga fage ba. Ashe ba dukan ne ya fi damunsa ba, sutura ce. Yaya ne ya zauna ya bayyana masa cewa tun 2019 hukumar AIBA, wadda a lokacin ke kula da damben da ba na kuɗi ba a duniya, ta amince mata su yi wasa da hijabi da kayan da ke rufe hannu da ƙafa, bayan fafutukar irin su Zeina Nassar ta Jamus. Baba ya kwana uku bai ce uffan ba, sannan ya kira ni ya ce in je, bisa sharaɗin kada karatuna ya taɓu. Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Sai Malam mai horar da mu, wanda ya sa na shafe wata shida ina tsallen igiya da koyon taku kafin ya bari in kara da kowa. A lokacin gani nake yi wasa yake yi da hankalina. Karawata ta farko kuwa ba ta kai turmi na uku ba: alƙalin wasa ya ƙirga mini takwas har sau biyu, ya tsayar da faɗan. A ranar ce Malam ya ba ni labarin Edith Ogoke, wadda ta wakilci Nijeriya a Landan a 2012, shekarar da aka fara damben mata a wasannin Olamfik, da Elizabeth Oshoba, wadda ta ciyo azurfa a gasar ƙasashen Commonwealth a Birmingham a 2022, a ajin nauyin da nake ciki.

Inna ta sha wahalar da ba a gani a fage. Duk safiyar da za a yi karawa sai an hau sikeli, wadda ta zarce nauyinta kuwa an cire ta ke nan, don haka wata biyu tana auna mini tuwo da ludayi, tana mitar cewa ita ba ta taɓa ganin sana'ar da ake hana mai ita ƙoshi ba.

Game da wasan ƙarshe, ina roƙon masu cewa an yi mini maguɗi su daina. Turmi uku muka yi, kowanne minti uku, alƙalai uku cikin biyar suka ba abokiyar karawata nasara, kuma ni na san a turmi na biyu na saki hannun hagu ta yi ta samuna. Ta fi ni a ranar, ina kuma gode mata, domin ita ce ta fara zuwa duba ni lokacin da likita ke tsayar mini da haɓo.

Ina godiya ga matan unguwarmu da suka haɗa mini kuɗin mota, har da waɗanda a da suke cewa ba mai auren 'yar dambe. Likita ya ba ni hutun mako biyu, bayan nan zan koma atisaye in sha Allahu. Malam ya riga ya ce da hannun hagun za mu fara.