Gidan da ba mu samu ba

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya saura na dare. Yara sun yi barci, an ɗauke wuta, da hasken waya nake rubutu.

Tun da mai gidan da muke haya ya ce zai yi wa ɗansa aure, yana son wurinsa kafin azumi, kusan kullum ina yawon neman gida. Yau da sassafe dillali ya kira ni, wai an samu ɗaki biyu da falo wajen Ƙofar Ƙaura, har da rijiya a tsakar gida. Muna cikin Napep sai ya sassauta murya ya ce, "Madam, don Allah idan mun je ki bar ni in yi magana. Ga mayafinki, ga Hausarki, ba mai ganewa. In kun tare ai shi ke nan."

Ban ce masa komai ba. Gaskiya zuciyata ta so shawarar, domin gida na huɗu ke nan, kuma na gaji.

Gidan ya yi min. Mai shi dattijo ne mai fara'a, ya sa aka shimfiɗa min tabarma a zaure. Da ya ji cewa mu mutanen ƙasar Malumfashi ne sai hira ta ɓarke, har muka daidaita kan kuɗin shekara. Daga nan ya ce, "Malam ɗin naki zai ji daɗi, ga masallaci nan a bakin layi." Dillali ya yi gyaran murya. Da na yi murmushi kawai, da yanzu makulli yana jakata. Sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, mu Kirista ne, majami'ar ECWA muke zuwa."

Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ke ɗin? Bahaushiya?" Bai zage ni ba, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya dai ce shi ba shi da damuwa, amma mutanen unguwa ba za su yarda ba, in yi haƙuri.

Rasa gidan bai yi min ciwo kamar tambayar nan ba. Kakata ta wajen uba a Babbar Ruga, nan kusa da Katsina, ta yi jinyar kuturta zamanin da Turawan mishan na SIM ke kula da wurin. A can ta ji Bishara. Ta koma ƙauye da guntayen yatsu, danginta suka ware mata ƙwarya, ita kuwa kullum da asuba waƙar yabo take yi. Da waɗannan yatsun take buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, ta sa mu karanta mata saboda idonta ya yi rauni. Ban taɓa yi wa Allah magana da wani harshe ba sai Hausa. To in ni ba Bahaushiya ba ce, mece ce ni?

Na sallami dillali, na taka da ƙafa cikin hazo, hawaye na zuba ina sharewa da bakin mayafi. Na ce, "Ya Uba, na faɗi gaskiya, ga shi ba mu da wurin sa kai." Ban ji wata murya ba, ba wanda ya biyo ni ya ce in dawo. Amma kafin in kai bakin titi sai Zabura ta 23 ta zo bakina, wadda Kaka ta sa muka haddace, musamman wurin da Dawuda ke cewa ko a cikin kwari mai duhu ba zai ji tsoro ba domin Ubangiji yana tare da shi. Na yi ta maimaita wurin. Ƙirjina ya saki. Na san ba ni kaɗai nake tafiya a layin nan ba, kamar yadda yaro ke sanin uwarsa na ɗaki ko da fitila a kashe.

Da la'asar na je taron Zumuntar Mata. Ban yi niyyar ba da labari ba, amma da aka buga tulu aka fara waƙa sai kuka ya tona ni. Matan suka kewaye ni. Mama, matar fasto, ta riƙe hannuna ta yi addu'a, kuma ta sa sunan dattijon nan a ciki, ta roƙa masa lafiya da albarka. Amin ɗin ya yi min nauyi da farko, amma na faɗe shi, kuma da zuciya ɗaya.

Ina dawowa na tarar da Hajiya maƙwabciyarmu ta aiko da dambu, ta kuma tsare min yara har suka ci. Da ta gama sallar isha ta leƙo, na gaya mata komai. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗiyata, shekara shida muna katanga ɗaya, ban ga sharrinki ba. Ƙanena yana da gida a Sabuwar Unguwa, gobe tare za mu je. Ni zan fara gaya masa ko ku su wane ne, kada ma ya tambaya."

Baban yara ya kira daga wurin aiki, na ce masa ba a dace ba. Ya ce in kwanta in huta. Na goge wa yara kayan makaranta da dutsen guga na gawayi, na ajiye mayafina a bakin gado. Ƙarfe tara Hajiya ta ce.