Abin da wani tsohon fim na 1941 ya koya min a rubutun wasan kwaikwayo

Lokacin da nake koyon rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, akwai ranar da malaminmu ya dawo min da rubutuna ya ce, "Ɗana, mutum shida ka saka amma duk bakinsu ɗaya, in na rufe sunayen ba wanda zai gane wa ke magana." Abin ya tsaya min a rai sosai don na yi kwanaki a kan rubutun. Washegari ya miƙo min filashi ya ce in je in kalli fim ɗin da ke ciki sau biyu kafin in sake taɓa biro.

Fim ɗin Amurka ne fari da baƙi, sunansa Here Comes Mr. Jordan, ya fito a 1941, Alexander Hall ne darakta. Labarin wani ɗan dambe ne Joe Pendleton, Robert Montgomery ya fito a matsayinsa, yana tuƙa ƙaramin jirginsa sai jirgin ya rikito, to wani sabon ma'aikacin ɗaukar rai saboda tausayi sai ya zare ransa tun kafin jirgin ya kai ƙasa, da aka je can lahira aka duba littafi ashe saura masa shekara 50 a duniya, kafin a dawo da shi kuma manajansa Max Corkle ya riga ya sa an ƙone gawar. Dole shugaban wurin Mr. Jordan, wato Claude Rains, ya nema masa wani jikin, aka saka shi a na wani attajiri Farnsworth wanda matarsa da sakatarensa suka nutsar a bahon wanka.

Mu dai mun sani ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma da farko sai da na ji wani iri. Amma da na ci gaba da kallo na ga lahirar da suka zana ai ofis ce kawai, da layi da jerin sunaye da ƙaramin ma'aikaci mai gaggawa da oga mai sanyin murya yana gyara ɓarna. Duk wanda ya taɓa zarya a kan fayil ɗin da aka rubuta ba daidai ba zai gane inda dariyar take, kuma ina ganin shi ya sa labarin ya ƙi tsufa. Ya ci Oscar biyu, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, duk a ɓangaren rubutu, an sake yinsa a 1978 da Warren Beatty, a 2001 da Chris Rock, su ma Indiyawa sun yi nasu a 1968, Jhuk Gaya Aasman na Rajendra Kumar da Saira Banu.

A kallo na biyu ne na ga abin da malam ke so in gani. Mu masu kallo fuskar Joe muke gani har bayan ya shiga jikin Farnsworth, amma mutanen cikin fim attajirin suke gani, don haka ba shi da hanyar nuna musu ko shi waye sai da halinsa. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda yake ƙoƙarin shawo kan Max, yana ta rantse-rantse shi ne Joe, Max na masa kallon mai taɓin hankali, sai ya ɗauko saksafon ɗinsa ya busa yadda ya saba, busa mara daɗi da kuskurenta a inda take kullum, nan take jikin Max ya yi sanyi. Wallahi na yi dariya a wurin kuma na ji ƙwalla, saboda kowa yana da wani nasa da ya rasu wanda da zai ji irin tarinsa ko yadda yake jan takalmi a zaure zai gane shi ko cikin duhu. Ni kakata na tuna, yadda take kiran sunana sau biyu a jere.

Mu kuma a rediyo ba mu da fuska ko ɗaya, murya ce kawai da hali. Na koma kan rubutuna na bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, na ba kowa abin da ba zai iya bari ba ko da an sauya masa suna. Mai ƙosai ta zama mai ƙirga canji da ƙarfi sau biyu, mai unguwa ba ya amsa tambaya sai ya fara da gaisuwa ko an riga an gaisa, yaron shago kuma ba ya taɓa ƙarasa zance in ubangidansa na wurin. Biyu daga cikin shidan na cire su gaba ɗaya don na rasa abin da zan ba su.

Da na mayar, malam ya sa tafin hannu ya rufe gefen da sunaye suke, ya karanta shafi uku a fili yana faɗin wa ke magana a kowane layi. Sau ɗaya ya yi kuskure, a wurin yaron shago, ya ja layi da jan biro ya ce in gyara wannan kafin Litinin.