Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da Na Koma Tsintar Leda a Gonar Baba

A makon jiya na tsaya a inda aka raba gado, gonar bayan gida ta faɗo a rabonmu mu uku: ni da Yaya da ƙanwarmu da ke aure a Zariya.

Ce mata gona ma kara ce aka yi mata. Muna yara, in ka hau ɗorawar da ke gindin gonar, a ƙauyenmu na ƙaramar hukumar Kumbotso, iya ganinka dawa ce da gero, sai kuka da gawo jefi-jefi. Birni sai da daddare muke hango haskensa. Yau ga gidan bene ta gabas, ga gidan bulo ta yamma, ga masallaci da Islamiyya ta kudu, ta arewa kuma filayen awon igiya ne da aka kakkafa wa duwatsu. Ko kadada ɗaya ba ta cika ba. Mu ba mu ƙaura zuwa birni ba, birni ne ya tako ya same mu muna zaune.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya bar gonar nan ta huta ba, kuma ban taɓa ganin rumbunmu ya wayi gari wayam ba. Sirrin yana bayan jakuna. Uku gare shi. Da an gama kaka, sallar asuba kawai yake jira, ya ɗaura musu itace da kara da harawa, mu nufi birni ta Ƙofar Na'isa. A dawowa ba a dawowa hannu rabbana: mangala cike da taki daga gidajen cikin gari. Toka, kashin awaki da tumaki, sharar tsakar gida, ƙaiƙayi, har da ɓaraguzan tsohuwar katangar ƙasa. A wasu gidajen ma godiya ake yi masa don ya kwashe. Haka zai yi ta jigila har bazara, gonar ta cika da tsibi-tsibi kamar an jera kwanuka a kife. Ni ne mai kora daga baya, kuma Allah Ya sani na tsani aikin nan, don in na isa makaranta yara sai su riƙa toshe hanci.

Sai da na girma, ina karatun koyarwa, wani malaminmu ya ambaci sunan Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, wanda tun shekarun 1960 yake nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda jama'a ta yi cunkoso haka, ana noma ƙasa ɗaya kowace shekara, amma ba ta mutu ba. Amsar da suka samu ita ce dabbobi a gida, wake da gyaɗa a cikin hatsi, itatuwa a tsakiyar gona, da takin da ake ɗaukowa daga birni. Na yi dariya a aji. Ashe abin da nake jin kunyarsa a firamare, shi ake rubutawa a littafi a kai Ingila.

To, tsufa ya zo wa Baba, ni kuma aikin koyarwa ya ɗauke ni. Aka sayar da jakunan ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya karɓi noman, kuma ba zan ga laifinsa ba, don abin da kowa ke yi ya yi: takin zamani, buhun kamfa a farko, yuriya in shuka ta tasa. Shekarun farko dawa ta yi baƙi ƙirin, har ana zuwa kallo. Da kaka kuma a sayar da kara, a sayar da harawa, a share gona tas a cinna wa sauran wuta. Gawo biyun da ke tsakiya aka sare, wai suna tara tsuntsaye. Fiye da shekara goma ana ɗiba ba a mayarwa.

Daminar 2022 ce ta farko da na riƙe fartanya da kaina bayan rasuwar Baba. A shekarar ne yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo. Na kasa sayen abin da Yaya ya saba zubawa, na sayi rabi. Abin da na gani ya tsorata ni. In aka yi ruwa da safe, kafin la'asar ƙasar ta bushe kamar ba a yi ba. Ka damƙo ta, ta zube ta tsakanin yatsunka kamar yashin gini. Sai ƙuduji, ciyawar nan mai tsotse dawa ta saiwa, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya rufe gonar da furensa mai kyan gani, dawa kuwa ta tsaya iya gwiwa tana rawaya. Abin da na girbe, kunya ta hana ni kirga shi a gaban mutane.

Da na koma gida ina cewa ƙasar ta mutu, Inna tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Ba ta mutu ba, ɗan nan. Yunwa take ji. Yaushe rabon da ku ba ta abinci?”

Maganar ta zauna mini. Sai dai na yi gaggawa, na ɗauka abin da Baba ya yi da jaki a wata biyar, ni zan yi shi da mota a yini ɗaya. Da rani na sami wani direban tifa da ke kwasar shara, na biya shi ya juye mini lodi biyu a gona. Ya juye da magariba, ya yi gaba. Da gari ya waye na zo na tsaya, na riƙe ƙugu.

Sharar da na sani a yarinta ba ita ba ce wannan. Leda ce, baƙa da fara da ta fiya-wata, kamar an yi ruwanta. Ga fasassun kwalabe, ga matattun batura, ga ƙunzugun jarirai na zamani, ga allurai da sirinji. Takin yana ciki, ba na musu, amma sai ka tona ka same shi. Kafin azahar iska ta kwashi ledar ta manna a katangun maƙwabta. Mako uku muka yi ni da 'ya'yana biyu da wasu almajirai da nake ba su na abinci, muna tsinta da manjagara da hannu. Mun cika buhu ya fi talatin. A kwana na tara kwalba ta ratsa silifas ɗina ta shige tafin ƙafa, sai da aka yi mini ɗinki da allurar tetanos. Akuyar Inna kuma, wadda take ji da ita, ta ci leda ta kumbura. Da aka yanka ta, mahauci ya zaro wani dunƙule daga tumbinta kamar ƙwallon yara. Inna ba ta ce mini komai ba, kuma shirun ya fi zagi ciwo.

Ban daddara ba. Da damina ta kusa na sayo kashin kaji daga wani gidan kaji, ɗanye da zafinsa, na zuba a gindin 'yar masarar da na gwada a gefe. Kwana huɗu ganyen ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Duk abin nan da nake yi, akwai mai kallona. Maigadin gidan bulon nan ne, wani dattijo ɗan ci-rani daga yankin Tawa a Nijar. Ranar da masarar ta ƙone ya leƙo ta katanga ya ce, “Sannu da aiki, Mushe.” Raina ya ɓaci. Ga asara, ga wani yana kirana mushe. Sai da ya ga fuskata ya yi dariya, ya ce a wajensu haka ake kiran malamin boko, daga Faransanci. Daga ranar muka ƙulla.

Ya ce, “Mushe, kai ɗanyen tuwo kake ba ta. Ko ɗanka ka ba shi ɗanyen gari sai ya yi ciwon ciki. Dafa mata.”

Shi ya nuna mini dahuwar. Bayan kaka muka haƙa rami biyu a inuwar ɗorawa, zurfin ƙugu. A ƙasa muka shimfiɗa karan dawa da aka sassara. Sannan buntun shinkafa, wanda injinan casa na Kano ke tarawa tsibi-tsibi. Sannan kashin kaji, sannan ruɓaɓɓen kabeji da latas da tumatir da nake samowa daga kasuwar 'Yankaba, sannan toka daga wajen masu ƙosai da masu waina na unguwa, sai a yayyafa ruwa, a sake wani hawan. Muka rufe da tsofaffin buhuna. Ya soka sanda a tsakiya ya ce in riƙa zarowa ina taɓawa. A kwana na biyar na zaro ta, na yi saurin sakinta don zafi, tururi yana fita cikin sanyin hunturu. Duk mako biyu mu juye daga wannan rami zuwa wancan. Abu ɗaya ya hana ni da babbar murya: kada in yarda a kawo mini dattin masana'antun jima ko laka daga magudanarsu, ko kyauta ne. Daga baya wani malamin gona ya tabbatar mini cewa gishirin da ake jima da shi yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, kuma in ya shiga ƙasa ba ya fita da sauƙi.

Jigilar ce ta kusa karya ni. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya ya fi kuɗin kayan. Na je neman jaki, na ji farashi, na dawo. Fataucin fatarsu ya sa jaki ya zama abin marmari. Ƙarshenta da wani mai kura muka shirya, sai kuma buhu bibbiyu da nake ɗaurowa a bayan babur in na taso daga makaranta. Malamin firamare da buhun ruɓaɓɓen kabeji: yaran ajina sun sami abin faɗa, kamar yadda iyayensu suka samu a da.

Akwai kuma maganar wari. Mai gidan benen ya kai ƙarata wurin mai unguwa, ya ce na mayar masa da ƙofar taga bola. Gaskiyarsa ce, don a juyi na biyu na cika ruwa, ramin ya yi ɗoyi. Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni kwana bakwai.” Dattijon nan ya sa muka ƙara buntu da busasshen kara, muka juya, warin ya mutu. Da wata uku suka cika, abin da muka fitar baƙi ne, mai laushi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Na ɗiba a kwano na kai wa mai ƙarar. Ya sansana, ya yi shiru, sannan ya tambaya ko zan ba shi kaɗan don shukokin tsakar gidansa.

Takin bai isa gonar duka ba, don haka ba mu watsa ba. A gefen da ya fi lalacewa muka yi abin da su dattijon suke kira tassa a ƙasarsu: ƙananan ramuka a jere, a zuba taki cikin tafi biyu a kowanne tun kafin ruwa, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ciki maimakon ya gudu. Takin zamani ban rabu da shi ba, kada wani ya ce na faɗa. Sai dai maimakon watsawa da kwano, cikin murfin kwalbar lemo nake sa wa kowane gindi. Shukar kuma na bi tsarin da malamin gona ya ce cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ta daɗe tana koyarwa: kunya biyu na dawa, huɗu na wake. Toho uku da suka fito daga kututturen gawon da aka sare, dattijon ya hana ni taɓa su. Ya zaɓi mafi ƙarfi ya sassabe sauran, ya ce haka manoman Maraɗi suka dawo da itatuwansu. Gawo kuwa, wanda ya sani ya sani, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Daminar 2024 ba ta mayar da ni attajiri ba. Ƙuduji ya ragu amma bai tafi ba, sai da muka bi shi muna tugewa kafin ya yi iri. Dawar gefen tassa ta fi kaina tsawo, ta sauran gonar kuwa ta yi dai abin da ta yi. Waken ne ya fidda ni kunya. Harawar kuma ban sayar ba, na sayo wa Inna akuya da ɗanta, na ɗaure su a gida, kashinsu yana komawa rami. Karan ma na bar rabinsa kwance a gona, abin da ya sa wani maƙwabci ya tambayi Yaya ko lafiyata ƙalau.

Wata safiya a cikin Agusta ina maimai, fartanya ta ɗago ƙasa, sai ga tana biyu suna murɗawa. Rabona da ganin tana a gonar nan tun ina kora jakuna. Na ɗauke su da ƙasarsu a tafin hannu na nufi gida, babban mutum da furfura, na miƙa wa Inna. Ta duba, ta ce, “To, mayar da su, kada rana ta kashe su.”

Bayan an gama girbi, wata Juma'a da la'asar, ina juya rami na ji tsayuwar mota. Yaya ne, da wani mutum mai babbar riga da igiyar awo a hannun yaronsa. Suka yi sallama, mutumin bai ko dubi ramin ba, idonsa yana kan iyakokin gonar yana ƙirga da leɓe. Yaya ya ja ni gefe, ya rage murya.

Ya ce, “Fuloti tara za ta fitar. Na yi magana da ta Zariya, ta amince. Kai kaɗai ake jira.”

Na ce, “Yaya, bari in wanke hannu.”

Abin da muka yi a zauren gidanmu a daren nan, da kuɗin da aka ambata, da abin da Inna ta fito da shi daga ƙasan adakarta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.