Mu Kanawa shan suga muke, ba cinsa ba

Duk wanda ka tambaya a garin nan zai ce maka shi ai bai damu da zaƙi ba, kuma a nasa ganin gaskiya ya faɗa tunda ba ya shan alawa ba ya cin cincin. Amma ka bi shi daga asuba zuwa lisha ka sha mamaki. Da safe koko da suga cokali uku, hantsi na yi a kasuwa a miƙo zoɓo mai ƙanƙara, da azahar shinkafa da miya a kora da lemon roba, dare na yi kuma sai teburin mai shayi, haɗin kauri, ga madara ga Bournvita ga biredi mai yanka-yanka, shi kuwa mai shayin zubawa kawai yake sai ka ce masa malam ya isa haka sannan zai ɗaga hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya wuce kamar giram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokalin shayi 12, in da hali ma a tsaya a 6. To lemon roba ɗaya na 50cl ya kusa cinye 12 ɗin nan shi kaɗai. Kuma na sha ya fi saurin illa, don ba tauna ba komai, nan da nan ya shige jini kuma ba ƙosar da kai zai yi ba.

Abin da mutane da yawa ba su haɗa ba shi ne suga da garkuwar jiki tafiyarsu ɗaya. In suga ya daɗe yana sama a jini, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta sanyi suke yi, shi ya sa za ka ga mai ciwon suga ɗan tuntuɓe kawai ya yi a yatsa amma wata da watanni ana wankin ciwo, ko maruru wannan ya fashe wancan ya fito. Don haka ni dai masu mota da lasifika da ke tallar jarka ɗaya maganin suga, basir, sanyi da ƙarin garkuwa duk a haɗe, Allah ya ba su kasuwa amma ba da kuɗina ba.

Abincinmu na gida wallahi ba shi da laifi, mu ne muka juya shi. Garau-garau asalinsa wake ne da shinkafa, yanzu sai ka yi ta tono kafin ka ga waken, alhali shi ne ke rage wa shinkafar gudu a jini. A ƙara wake, a ƙara salak da kabeji da tumatir. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli, miyar kuka, kuɓewa, duk masu sauƙi ne, kuma wanda ke leƙawa 'Yankaba da sassafe ya san ganye bai kai tsadar lemo ba. Tuwon dawa da na gero sun fi na shinkafa, amma fa malmala huɗu malmala huɗu ce ko ta mene ce. Goba da lemon zaƙi a ci su haka nan ya fi a matse. Zuma da dabino kuwa, na san akwai masu jin haushin wannan maganar, albarkarsu daban amma su ma suna ɗaga suga, mai ciwon ba zai sha zuma cokali-cokali ba wai don ba suga ba ce.

Sai tafiyar ƙasa, wadda adaidaita sahu ya raba mu da ita, daga bakin titi zuwa lungu ma sai mutum ya ce a shiga da shi. Minti 150 a sati ake so, kusan rabin awa kenan kwana biyar. Mafi amfani ita ce ta bayan cin abinci, ko minti goma ce, saboda naman jiki in yana aiki da kansa yake zuƙe sugan. Ka ci tuwon dare ka taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, hajiya ma zagayen tsakar gida ya wadatar.

Bacci awa 7 ake nema, ba a kai ƙarfe ɗaya a majalisa ko kan waya ba. Hunturu in ya shigo a wanke hannu da sabulu, a sa takunkumi ranar ƙura, yara a kai su rigakafi, mun dai ga abin da mashaƙo ya yi mana a 2023.

Gwajin suga kuma ba wuya, kemis da yawa suna da ɗan injin, ɗigon jini ɗaya a yatsa da safe kafin ka karya. Ƙasa da 100 lafiya lau, 100 zuwa 125 an fara hanyar ciwon suga, 126 zuwa sama in ya maimaitu sai ganin likita. Wanda ya haura shekara 40, ko akwai ciwon a gidansu, ko yake yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama ba dalili, kar ya tsaya jiran sai wani ya raka shi.